Malam Enoch Mai Sassaƙa Hoto a Leda

Shekara goma sha tara Malam Enoch yana riga kowa isa kwalejinmu ta horon malamai da ke gefen Malumfashi. Zai jingine kekensa jikin darbejiya, ya buɗe ajin zane, ya shanya gutsattsarin leda a rana don su yi laushi, sannan ya zauna wasa wuƙaƙe. Wuƙaƙen ma ba na kanti ba ne. Ƙarafan tsohuwar lema yake kai wa Jibo maƙeri ya fiƙe masa.

Ledar ita ce mai kaurin nan da ake shimfiɗawa a daɓen asibiti. A kanta ake sassaƙa hoto, a shafa tawada, a ɗora takarda, a murza da bayan cokali. Inda wuƙa ta ci ya fito fari, inda ta bari ya fito baƙi.

Na shiga ajinsa a 1976, hannuna bai san komai ba sai fartanya da alƙalami. Ranar farko na sassaƙa sunana, da aka buga ya fito a juye. Aji ya kwashe da dariya. Shi kuwa ya ce, "Maharazu, kowa da haka ya fara. Ni har yatsa na yanka."

A wannan shekarar ce Inna ta rasu, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Na ƙudura sai na fitar da fuskarta. Leda huɗu na ɓata, kowace fuska ta fito baƙuwa. Na tsorata, don na ga kamanninta sun fara kuɓuce mini. Na ajiye wuƙa na ce na bar zane.

Malam ya jawo benci ya zauna kusa da ni.

"In ka rufe ido, a ina kake ganinta?"

"A gonar auduga, Malam. Amma bayanta nake gani, tana sunkuye."

"To, bayan nata za ka sassaƙa. Kada ka ƙara abin da ba ka tuna ba."

Mako uku muka yi a kai. Bai taɓa karɓar wuƙar daga hannuna ba, sai dai ya ce, "A hankali, ka juya ledar, ba hannunka ba." Da na ɗaga takardar, ga Inna, ɗaurin zaninta a karkace yadda ta saba, ƙwarya a gefen ƙafarta.

Na kai wa Baba a Bakori ina fargabar faɗa. Ya daɗe yana kallo. Tunda nake ban taɓa jin ya ambaci sunanta ba, sai ranar. Ya ce, "Kulu ce." Ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba.

Kai ne, Malam, ka ba ni wannan ranar. Kai ne lokacin ƙyanda ka sa muka buga hotuna ɗari biyu na uwa da jariri, aka liƙa a kasuwanni har Funtuwa, matan da ba su karatu suka gane suka kai yaransu rigakafi. Gagara gajiya, ba ka sa sunanka ko a ɗaya ba.

Bana, 1988, Malam ya aje aiki, yanar ido ta rufe masa gani. Na same shi a gonarsa na miƙa masa ledar da wata ɗalibata ta sassaƙa. Ya bi ta da yatsu ya yi murmushi.

"Nan ta yi sauri. Amma tana da hannu, kada ka bari ta daina."

Ina kewar ajin nan, da ƙamshin tawada, da muryarka a bayan kafaɗata. Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Mu da muke koyarwa yau, mu koyi zama kusa da ɗalibin da ya karaya. Wanda kuma yake da irin wannan malami, ya je ya gaishe shi tun yana iya amsawa.