Surukin Na'ibi a Filin Zari-Ruga

Na'ibi ya iso Jidda bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hanyar da mutanenmu suka saba bi a wancan zamani: a yi noma a nan, a yi dako a can, har a tsallake teku. Shi da matarsa Dela suka sauke farali, sannan suka zauna a unguwar Nuzla da niyyar su huta kaɗan kafin su koma gida. A cikin hutun nan aka haifi 'yarsu Mastura, a cikinsa kuma gemun Na'ibi ya yi furfura.

Abin da ya raba shi da sauran 'yan dakon tashar jiragen ruwa shi ne wani ilimi da ya tsinto a Bur Sudan, kafin ya tsallako teku. A can Turawan Ingila suna yin wasan zari-ruga a kan yashi, wata rana mutum ɗaya ya gaza musu, suka jefa shi ciki. Ba wanda ya ce ya iya. Amma ba wanda ya ce bai iya ba, shi kuwa ya ɗauki shirun nan a matsayin shaida. Saboda haka da wani akawu Bature zai bar Jidda a 1959, ya bar masa tsohuwar ƙwallo mai siffar kankana, Na'ibi ya ga cewa lokacinsa ya yi.

Nuzla a lokacin ƙauye ce a gefen birni, gidajen langa-langa da katakon akwati, awaki sun fi fitilu yawa. A bayanta akwai fili mai gishiri wanda ko ciyawa ba ta yarda da shi. Nan ya tara 'yan dako da 'yan ga-ruwa ranar wata Juma'a bayan la'asar, ya bayyana musu doka. Ƙwallon a hannu ake ɗaukarta, a ruga da ita, a dire ta bayan layin abokan karawa. Wanda ke riƙe da ita ana rungume cinyoyinsa a kayar da shi. Ba a jefa wa ɗan'uwa ita ta gaba, sai ta baya.

Abdulghaffar mai tsire, abokinsa, ya ce, "Tsaya, Na'ibi. Gaba muke so, amma baya za mu riƙa jefawa?"

"Haka dokar take."

"To, ai wannan wasanmu ne. Tun da muka zo ƙasar nan haka muke yi."

Unguwa ta sa musu suna 'Yan Kankana, sunan ya zauna. Sau ɗaya a shekara, idan zafi ya sauka, ma'aikatan wani kamfanin jiragen ruwa sukan zo da matuƙansu a yi karawa. A wajen turereniya, inda ƙarti ke sunkuyawa su haɗa kafaɗu suna ture juna, ba mai motsa 'Yan Kankana, don mutanen da suka wuni ƙarƙashin buhunan shinkafa ne. Matsalar takan fara idan ƙwallo ta fito. Ɗan dako bai san gudu ba, tafiyar nutsuwa ya sani, don kada kaya su zube. Idan kuma suka kayar da baƙo, sai su tsaya su ɗaga shi, su kakkaɓe masa yashi, su yi masa sannu, ɗan'uwansa kuwa ya riga ya wuce da ƙwallo. Shekara bayan shekara ana cin su, ba su taɓa dire ƙwallo bayan layi ba. Na'ibi ya daina mafarkin nasara. Abu ɗaya yake roƙo: kafin gwiwoyinsa su ƙi shi, ya ga wani nasa ya tsallake layin nan.

Sai ga Othman a 1966. Saurayi ne daga Hausawan Mai Wurno ta Sudan, ya zo hajji, yana ga-ruwa kafin lokacin ya yi. Na'ibi ya gan shi yana gudu da garwa biyu a kafaɗa, ruwan bai fantsama ba. Da aka ba shi ƙwallo, duk filin ba wanda ya taɓa ko rigarsa. Matsayin Na'ibi a wasa shi ne ya tsamo ƙwallo daga bayan turereniya ya jefa wa mai gudu, kuma yanzu a karo na farko yana da wanda zai jefa wa. Sai dai Othman ya ce da an sauko daga Arfa zai bi jirgi ya koma.

Na'ibi ya yi tunani mai zurfi, ya zo wa Dela da dabara. Ya ce idan yaron nan ya yi aure a Nuzla, ai ya zauna ke nan, ko za ta ji ta bakin Mastura cikin hikima?

Dela ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ta ce, "Malam, leƙa randunan nan. Duk a cike suke, har da kwanon wanki. Tun watan jiya 'yarka take sayen ruwan da ba mu da inda za mu zuba."

Aka ɗaura aure, aka samar wa Othman kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa, da iƙama, takardar izinin zama, Na'ibi yana ta karɓar gaisuwa kamar shi ya shirya kome.

Juma'ar farko bayan biki aka fito atisaye. Na'ibi ya tsamo ƙwallo, ya juya, ya jefa inda ya saba. Othman ba ya wurin. Yana can gefe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Othman, tashi ka karɓa mana."

"To, Baba."

Ya taso a sunkuye, ya karɓi ƙwallon da hannu biyu, ya yi godiya, ya ja da baya a hankali don kada ya juya wa surukinsa ƙeya. Abdulghaffar ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

Abin da Na'ibi ya manta shi ne, Hausawan Sudan sun riƙe kunyar surukai fiye da waɗanda suka baro a gida. Othman ba ya faɗin sunansa, don haka ba zai iya kiran a jefo masa ƙwallo ba. Ba ya kallon fuskarsa, don haka ba ya ganin lokacin da za a jefo. Gudu kuwa a gaban mahaifin matarsa, da ƙwauri a waje, wannan ko a mafarki.

Na'ibi ya kira shi gefe. Ya ce, "Ka ji, ɗana. Daga la'asar zuwa magariba ni ba surukinka ba ne. Na yafe. In an kira salla sai mu ci gaba."

"To, Baba," in ji Othman, yana durƙushe.

Aka canja wa Na'ibi wuri, aka sa shi cikin turereniya, nesa da mai gudu. Abin ya fi muni, don a nan shi ne ya tuna cewa ya sunkuya, bayansa a sama, mijin 'yarsa na tsaye a bayansa, sai ya miƙe yana gyara riga, turereniyar ta rushe. Ya koma bakin fili ya zama ɗan kallo. Othman ya riƙa gudu kamar mai ɗauke da ƙwai, in ya zo daidai da shi kuma sai ya rage, ya ɗan rusuna.

Mastura, haihuwar Jidda, mai cakuɗa Hausa da Larabci, ba ta ga dalilin wannan duka ba. Ta ce, "Ya Baba, wallahi kun ba ni mamaki. A gida zaki ne, da ya ji tarinka a ƙofa, halas, ya zama kaza. Na ce masa yalla, mutum ne kamar kowa, har minshari yake yi."

"Kin gaya masa ina minshari?"

"Bai taimaka ba."

Da ranar karawa ta zo, Na'ibi ya riga ya gane lissafin, ko da yake bai so amsar ba. Muddin idonsa na kan filin, Othman ba zai gudu ba. Bayan sallar Juma'a ya naɗe rigar wasansa ya ba wani, ya faɗa da ƙarfi, yadda surukin zai ji daga inda yake, cewa an neme shi a tasha, wani jirgi ya iso da kaya. Ya kama hanya a gaban kowa. Da ya sha kwana sai ya zagayo ta bayan gidaje, ya shiga garken awakin Abdulghaffar, wanda bangonsa na langa-langa ke jingine da filin. Akwai 'yar huda a jiki. Ya leƙa sau ɗaya, ya ga Othman yana waige-waige kamar mai jin ana kallonsa, sai ya janye ido, ya zauna a kan kwandon dusa, ya juya wa bangon baya.

Da kunne ya bi wasan. Ya ji ƙarar kafaɗu, ya ji baƙi suna murna, ya sake jin suna murna. Wata akuya ta fara cin gefen rigarsa, bai hana ta ba. Can wajen ƙarshe sai hayaniyar ta canja. Ta taso daga nesa, ta biyo bangon, ya ji ƙafafu marasa takalmi sun wuce ta bayansa da saurin da bai taɓa ji ba, mata a kan rufin gidaje suka saki guɗa. Hudar tana daidai kunnensa. Bai juya ba sai da guɗar ta lafa.

Abdulghaffar ya leƙo ta ƙofar garken yana haki. "Ya dire."

"Ta wane gefe ya bi?"

"Ta hagu."

"Ni ta dama na koya masa."

"Shi ya sa ya wuce. Taso, akuya ta cinye maka aljihu."

An ci 'Yan Kankana a ranar kamar kullum, da rata mai yawa, amma ba wanda ya damu. Washegari Othman ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa. Na'ibi yana so ya ji yadda ya kauce wa dogon matuƙin nan da kowa ke maganarsa, amma suruki ba ya irin wannan tambaya, Othman kuma ba zai yabi kansa a gabansa ba.

"An ce an yi wasa jiya."

"An yi, Baba."

"Lafiya aka tashi?"

"Lafiya lau, Baba."

Othman ya ci gaba da wasa wasu shekaru, ya sake direwa ba sau ɗaya ba, har aka yanka filin aka yi gidajen bulo a farkon shekarun 1970, ƙungiyar ta watse. Duk ranar karawa sai an nemi Na'ibi a tasha. Unguwa kaf ta san inda tashar take, har yara sukan kai masa shayi a can. Othman ne kaɗai ba a gaya wa ba, in kuwa ya sani, kunya ba ta bar shi ya nuna ba.