Baffa Saje da 'Yan Sikawut Ɗinsa Tara

Ku da kuka san Baffa Saje a Wudil, kun taɓa jin ya kira mutum da baki? Sai dai usur! Busa ɗaya yara, biyu maƙwabta, uku matarsa Inna Tabawa.

"Malam, ni fa ba kurtu ba ce!"

"Da kurtu ce ke, da tuni kin iso."

Wannan hali a Gambiya ya samo shi, lokacin da aka tura shi horar da sojoji tare da mahaifina, ƙaninsa. Ya ga mu 'ya'yan bariki muna gararamba, Hausarmu ma ta soma karyewa. Ya tara mu tara, ni kaɗai ce mace, ya ce daga yau mu 'yan sikawut ne. Babu ƙyallen wuya, shi kuwa ya rantse ba zai saya ba. Sai ga shi da almakashi da wani yadi kore shar.

Inna ta fito tana salati. "Zanen sallata!"

"Yi haƙuri, Tabawa, an ɗauke shi aikin ƙasa."

Ranar Asabar yakan kai mu bakin teku koyon kusurwoyi. Gabas, yamma, kudu, arewa, sannan ta biyar. "Ina Wudil?" Duk mu nuna da yatsa. Wanda ya kuskure, tsallen kwaɗo har goma. Tekun ma bai tsira ba. Ya ɗanɗana, ya tofar.

"Wai wannan ne ruwa? Ga yawa, amma ko saniya ba za ta sha ba. Ku bari ku ga kogin garinmu!"

To, mun dawo, mun ga kogin. Sauran kuwa kowa ya bi ubansa, wani Jos, wani Legas, wasu ko labarinsu babu. Baffa ya nemi kafa wata ƙungiyar a nan, kwana biyu ya watsa ta, wai yaran ba su iya ƙulli ba. Ba ƙulli ba ne, jama'a. Nasa yake nema. Mutumin da ya ishe mu da Wudil a can, sai ga shi a bakin gada yana cewa iskar Banjul ta fi daɗi!

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya, ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Ya ce in tsaya ƙam, zai kira sunayen 'yan sikawut ɗinsa. Ya fara daga sama, ni kuwa na yi ta amsa wa kowa, "Ga ni!" Har ya zo kan na ƙarshe.

"Bitrus!"

"Ga ni!"

Ya buɗe ido ɗaya. "Ƙarya kike, Hadiza. Bitrus bai taɓa zuwa a kan lokaci ba. Mu ɗan jira shi."

Muka zauna, hannunsa cikin nawa, muna jira.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya tara mu a ƙasar da ba tamu ba, Allah ya sake tara mu da shi inda ba a rabuwa. Amin.