Ƙwarya a Bakin Ƙofa

Shekara huɗu na yi ina kiwon raƙuma a jejin da ke gabas da Riyadh, ni kaɗai. Da na fito, na yi kwana biyar ban ci abinci ba, alhali abincin yana gabana. Abin da ya sa na ci a rana ta shida, labarin kakarmu ne.

Ƙauyenmu yana kusa da Mirya, a ƙasar Damagaram. Mu bakwai ne jikoki a gidan. Idan an gama girbi, sanyi ya shigo, Kaka takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan magariba. Ba ta ba da labari a banza. Sai ta juye kwandon gyaɗa a tsakiya, ta ce a ɓare mata ta iri.

"Hannun da ya tsaya, bakina ma ya tsaya," haka take cewa.

Wanda ta kama yana kai gyaɗa baki, sai ta sauke masa kara a ka. Ni na fi kowa shan karan. Mijinta take ce mini, yadda kakanni suke tsokanar jikoki, amma ni nawa da ƙari. "Mijin banza. Ba cefane, sai cinye irin matarsa."

Salisu, ɗan wan babana, ya girme ni da shekara uku. Shi ba ya satar gyaɗa, barci ne aikinsa. Da wuta ta ɗumama masa ƙafa, sai kansa ya karkace.

Kaka ta je Makka a ƙafa tana da ƙuruciya, ita da kakanmu, ta hanyar Sudan. Shekara tara suka yi kafin su dawo. A Jidda ta yi aikin daka a wani gida, tare da wata Ba'indiya. Ba su jin yaren juna, sai guntun Larabci da nuni da hannu. A wurin matar nan ta samo labarin. Sauran tatsuniyoyinta tana buɗe su yadda kowa yake buɗewa. Wannan kuwa sai ta gyara zama ta ce, "Wannan ba ƙarya ba ce. Teku ta ƙetaro ta zo muku."

Ta ce a ƙasar Indiya akwai dajin da itatuwa suka haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Mu da muka saba ganin gawo ɗaya a nan, ɗaya can nesa, ba mu yarda ba. Na ce, "To a ina suke shanya hatsi?"

"Je ka tambayi matar. Tana Jidda, in ba ta mutu ba."

A bakin dajin nan wata mata ta je yin itace da goyo. Ta kwance yaron ta shimfiɗa shi a gindin bishiya. Da ta dawo, zanen kaɗai ta tarar. Macen kyarkeci ce ta ɗauke shi, karyar daji mai shayarwa. Ba ta cinye shi ba. Ta kai shi raminta, ta haɗa shi da 'ya'yanta. Ya sha nononta, ya tashi yana tafiya da hannu da gwiwa, yana cin ɗanyen nama, yana kwana a cikin ɗuminsu.

Nan ne wurin da muke so. Ya iya farauta? Yana haushi? Ya taɓa faɗa da damisa? Kaka ba ta daɗewa a wurin.

"Ku daji kuke so," in ji ta. "Labarin nan ba na daji ba ne, na gida ne. Ku ɓare."

Bayan shekara takwas maharba suka turara hayaƙi a ramin, yaron ya fito, suka kama shi. Uwar ta gane shi da tabon ƙuna a cinya. Aka kai shi gida, aka ɗaure shi a turke don kada ya gudu. Gari ya taru. Kowa ya kawo abin da ya dafa, don murna, don tausayi. Suka zagaye shi suna jira su ga ya ci. Ya ƙi. Ya manne da turken yana gurnani. Aka danne shi aka ɗura masa, ya amayar. Kwana uku, kwana huɗu, haƙarƙarinsa suka fito. Wasu suka ce ba mutum ba ne kuma, a mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Uwar ta dubi ɗanta. Ta tuna yadda kare yake yi. Idan yana ci ka zuba masa ido, a wurinsa ƙwace ka zo yi. Sai ta kori kowa daga gidan. Ta kwance igiyar. Ta buɗe ƙofar da take kallon daji. Ta ajiye ƙwaryar abinci a bakin ƙofar, ta koma gefe ta zauna, ta juya masa baya tana kaɗi.

"In ya gudu fa?" Ni ne mai wannan tambayar kullum.

"Ta ce ya gudu da ransa ya fi mata ya mutu a turke."

"In ya cije ta?"

"Bayanta ne. Ta ba shi."

Ta ji motsi. Ta ji ana jan ƙwarya a ƙasa. Ba ta waiwaya ba. A nan Kaka takan dafa ƙeyarta ta ce, "Wuyan nan har ciwo yake mata don son ta gani. Ɗanta ne fa, shekara takwas. Amma ba ta waiwaya ba."

Haka ta yi ta yi, kullum. Wata rana tana kaɗi sai ta ji abu ya taɓa mata ƙafa. Ƙwaryar ce. Ya ci rabi, ya turo mata rabi.

A nan Kaka take tsayawa. Mu ce, ya yi magana? Ta ce kalma kaɗan. Na ce, ya yi aure?

"Mijin banza, aure kawai ka sani. Na ce maka ya ci abinci."

Ni ban ga daɗin ƙarshen nan ba. Salisu kuwa tuni ya yi nisa, ɓawon gyaɗa a cinyarsa.

Kaka ta rasu shekarar da na yi aure. Bayan shekara biyu na zo Saudiyya. An ce mini aikin lambu ne. Kafilina, mutumin da ya ɗauko ni, daga filin jirgi jeji ya wuce da ni. Tanti ɗaya, tankin ruwa, raƙuma. Direban da yake kawo ruwa da buhun gari yana zuwa sau biyu a wata. Kafilin yana zuwa ranar da ya ga dama. Idan ya tarar ina cin abinci, sanda ce. "Raƙuma ba su sha ba, kai kana ci?" Ko sun sha, ko ba su sha ba. Sai na koyi ci a tsugune a bayan tanki, da sauri, kunnena yana wajen ƙarar mota. Da farko ina yi wa raƙuma magana. Daga baya maganar ta ragu, har ta kusa ƙarewa.

Ranar da kafilin ya sayar da garken, ya miƙo mini takarduna. Direban ruwa, Basudane ne, ya sauke ni a unguwar Batha, cikin Riyadh, inda ya ji ana Hausa. Aka yi ta waya har aka samu Salisu. Shi ya riga ni zuwa, yana tuƙin motar kai kaya a cikin gari. Da tsagar fuskata ya gane ni.

Yana zaune a unguwar Al-Oud, ɗaki ɗaya su shida, mutanen Damagaram da Maraɗi. Babbansu wani dattijo ne, Baba Hamisu. Ranar da na zo suka sayo kabsa, shinkafa da kaza, babban faranti, don karrama ni. Aka shimfiɗa leda, aka zagaye.

"Bisimilla, Lawali. Sa hannu."

Ido goma sha biyu a kaina. Baba Hamisu ya yago cinyar kaza ya turo gabana. Na ja da baya na manne da bango.

A wurinmu ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai. Abin kunya ne ga gida. To su mutanen kirki ne, sai suka ƙara ƙaimi. Washegari aka ce ƙila abincin Larabawa ne ya ishe ni, aka samo tuwo da miyar kuka daga wurin wata mata a unguwar Shumaisi. Na ji ƙamshin. Ban iya ci ba. Aikinsu ba lokaci ɗaya ba ne, don haka kullum akwai wanda yake ɗakin, yana bi na da kwano, yana lallashi. Suka riƙa kulle ƙofa kada in fita titi in ɓace. Ruwa kawai nake sha, a banɗaki. Na so in faɗa musu abin da yake damuna. Ni kaina ban san sunan abin ba.

Rana ta huɗu aka kawo malami ya yi mini addu'a ya tofa. Rana ta biyar na faɗi a ƙofar banɗaki. Da na farfaɗo, na ji suna magana a kaina.

"Salisu, mu gaya wa juna gaskiya," in ji Baba Hamisu. "Ƙaninka ya taɓu. Jeji ya shige shi. A kai shi tarhil a mayar da shi gida, kafin ya mutu a hannunmu."

Tarhil shi ne inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ina da mata a gida, da 'yar da aka haifa bayan na taho, ban taɓa ganinta ba. Na san ƙauyenmu. Wanda aka sauke daga mota a matsayin mahaukaci, sunan ba ya barinsa. Dangin matata za su zo su ɗauke ta da yarinyar, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Duk ina jin wannan, bakina ya ƙi buɗewa.

Salisu ya ce, "Baba, a ba ni gobe kawai."

Washegari bayan la'asar ya kama hannuna muka hau saman bene. Ba komai a wurin sai tankunan ruwa da igiyar shanya. Ya bar ƙofar matakala a buɗe. Ya ajiye kwanon wake da gurasa a bakin ƙofar. Ya tafi can ƙarshe ya zauna a kan bulo, ya juya mini baya, ya cire takalminsa ya kama ɗinki.

Baba Hamisu ya biyo mu, ya tsaya a matakala yana haki.

"Me nake gani haka? A ƙasa? Ɗan'uwanka za ka ajiye wa abinci kamar kare?"

"Baba, don Allah ka sauka."

"Ka bar ƙofa a buɗe. In ya fice titi fa?"

"Ya fice. Ka sauka, Baba, kuma kada kowa ya hawo."

Dattijon ya sauka yana salati. Na tsaya ina kallon bayan Salisu. Na daɗe. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Takalmin nan ba wani yagewa ya yi ba, amma yana ta soka allura. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Bai waiwaya ba.

Na jawo kwanon, na shiga bayan tanki, na tsuguna. Na ci. Sai da na suɗe kwanon na gane inda na san wannan zaman.

Haka muka yi kwana tara. Yana dawowa daga aiki, mu hau. Ya ɗinke takalmansa, ya ɗinke na mutanen ɗakin duka. A rana ta tara na ci rabi, na tura kwanon har ya taɓa ƙafarsa. Ya sa hannu ta baya ya ɗauki gurasa.

Na ce, "Yaya, ashe ba barci kake yi ba."

"Barci nake yi mana. Amma sau nawa ta faɗa? Ko bangon ɗakinta ya haddace." Ya haɗiye lomar. "Kai mijin banza, yanzu in juyo? Wuyana ya kusa karyewa."

Na ce ya juyo.

Ina yaro na ɗauka labarin na yaron ne, da ramin, da ɗanyen nama. Ashe na wadda ta iya riƙe wuyanta ne. Mutanen da suka zagaye yaron ba mugaye ba ne. Baba Hamisu ma ba mugu ba ne, shi ya fi kowa kuka ranar da na fara ci da su a faranti ɗaya. Sun so ni yadda suka saba so, ni kuma a lokacin ba zan iya ɗauka ba.

Akwai abin da ban tuna ba sai daga baya. Ban taɓa ganin Kaka tana cin abinci ba. A ɗaki take ci, ta saki labule. Mun ce halin tsufa ne. Shekara tara ta yi a hanya da gidajen mutane. Ba ta taɓa gaya mana abin da ta gani ba, sai wannan labarin, kuma ta ce ba ƙarya ba ce.

Yanzu ina Al-Oud, a ɗakin nan dai. Ina wankin mota a unguwar Ulaisha, a hannun wani kafilin. Na je gida sau ɗaya da ƙafata, 'yata ta kira ni Baba. Ina ci a faranti ɗaya da mutane, amma gefen ƙofa nake zama, kuma ba wanda yake tambaya. Sau biyu aka kawo mana mutum daga jeji. Ni nake hawa bene da su.