Bindigar Bahaguwa

Duk wanda ya saba shiga jar bas mai ratsa Aldwych a shekarun tamanin, in ya tuna wani siririn direba mai tsage a kumatu, wanda ko cakulkuli aka yi masa ba zai yi dariya ba, to Malam Maje ne. Karatu ya kawo shi London a 1974. Karatun ya ƙi, shi kuma ya ƙi komawa gida hannu rabbana, sai ya kama sitiyari. Ya auro Murja daga Tudun Wada, ƙaramar hukuma ta ba su flat a gidan bene a Abbey Wood, hawa na huɗu. 'Yarsu ɗaya tal, Karimatu.

Mutum ne mai gaskiya, wannan ba a ƙwace masa. Amma taurin kai, wa'iyazu billahi! Ɗan maharbi ne daga bakin dajin Falgore, kuma ko da ya baro dajin, dajin bai baro shi ba. Wani abokin aikinsa ya kai shi kulob ɗin harbi a ƙauyen Kent, inda inji ke cilla faifan yumɓu sama, mutum ya harbo shi. Tun ranar Maje ya samu abin yi. Ya nemi lasisi wurin 'yan sanda, ya kafe akwatin ƙarfe a bangon ɗaki kamar yadda suka ce, duk Asabar ɗin da ba ya aiki kuwa yana can.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yarinyar nan. Tana girma tana yin nisa da shi. Ya yi mata Hausa, ta amsa da Turanci, a taƙaice, idonta a kan talabijin. Ran nan tana da shekara goma sha uku ta ce za ta bi shi harbi. Maje bai nuna komai a fuska ba, amma a daren har waƙa Murja ta ji yana yi a banɗaki. Tafiyar minti arba'in a mota, shi da 'yarsa, tana ba shi labarin makaranta ba tare da ya roƙa ba. Duk sati ba shi da wani lokaci da ita sai wannan, ya kuma san in ya kuɓuce masa shi ke nan.

Sai dai Karimatu bahaguwa aka haife ta. Maje bai ɗauki wannan da wasa ba, don a gidansu in yaro ya miƙa wa babba abu da hagu, sai ya ji a jikinsa. Tun tana rarrafe yake ɗan buge mata hannu in ta kai hagu cikin kwano. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji shi. Da ta yi wayo ma ba sai ya buga ba. Kalma ɗaya ce, "Dama!", sai ka ga ta zabura ta sauya hannu ta juyo tana cewa, "Sorry, Baba." Shi a ganinsa magana ta ƙare tuntuni.

A filin harbi, a kafaɗar dama ya ɗora mata bindigar aro ta kulob. Wata huɗu tana harbi, ko faifai ɗaya ba ta fasa ba. Kullum ta dawo da kunci a kumbure. Murja ta ce, "Baban Karima, anya abin nan na yarinyar nan ne?" Ya ce laifin bindigar ne, ta yi mata tsawo da nauyi. Ƙarama zai saya mata ta yara, a rubuta a lasisinsa.

Ranar wata Asabar ta watan Maris na 1992, da hantsi, suka shiga shagon bindigogi da ke jikin kulob ɗin. Mai shagon tsohon Bature ne, gajere, tabarau a kan karan hanci. Bai taɓa ko bindiga ɗaya ba tukuna. Ya ja da baya ya ce wa Karimatu ta buɗe ido biyu ta nuna hancinsa da yatsa. Ta nuna da dama, tana satar kallon ubanta. Tsohon ya ce ta sake. Ya gyaɗa kai.

"Idonta na hagu ne ke jan ragama," ya ce wa Maje da Turanci. "Hannun ma ina zato haka ne. Shi ya sa take miƙa wuya ta haye gindin bindigar, katakon kuma yana dukan ta a fuska."

Ya sauko da ƙananan bindigogi biyu masu baki biyu, ya shimfiɗa a kan tebur. In ba an faɗa maka ba, ba za ka ga bambanci ba. Ɗaya gindinta na katako ya ɗan karkata don mai harbi da dama, ɗaya kuma ya karkata ɗaya gefen.

"Ta dama za mu ɗauka," in ji Maje.

"Ba za ta ga abin da take harbi ba."

"Za ta koya. Ni na san 'yata."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi yarinyar da ta sunkuyar da kai tana murza igiyar rigar sanyinta. Ya ce to, bindiga ba a sayen ta a kan tebur, su je baya a gwada. Ya ɗauki duka biyun.

Wurin gwajin ɗan keji ne na katako, buɗe ta gaba. Ƙa'ida ɗaya ce kowa ya haddace: bakin bindiga ba ya barin gaba. Maje ya tsaya bayanta ta gefen dama, taku uku, ya harɗe hannuwa. Aka fara da ta dama. Faifai ya tashi, ta harba, ya wuce abinsa lafiya lau. Na biyu ma haka. A na uku katakon ya naushe ta a ƙashin kunci har hawaye ya taru mata, ta haɗiye.

Tsohon ya karɓe, ya miƙa mata ɗayar, ya zura harsashi biyu da kansa. Bai ce mata ga kafaɗar da za ta ɗora ba. Ta rufe bindigar, ƙwas. Sai ga bindigar tana hawa kafaɗar hagu sumul, kuncin ya kwanta a kan katako kamar a kan matashi, ɗan yatsan hagu ya shiga wajen kunama.

Wallahi Maje bai yi shawara da zuciyarsa ba. Bakin ne kawai ya yi abin da ya saba yi a gaban kwanon tuwo.

"Dama!"

Yarinyar ma jikinta ya yi abin da ya saba. Ta zabura, ta juyo gaba ɗaya wajen ubanta tana kiciniyar sauya hannu, bindiga a ɗure. Bakin nan biyu suka zagayo suka tsaya daidai cikin Maje.

Ya ga ramukan baƙi ƙirin. Ya ga yatsanta a jikin kunama, rabi a ciki rabi a waje. Karimatu ta ga abin da ta yi, sai ta sandare, ta kasa gaba ta kasa baya.

Tsohon bai yi ihu ba, Allah Ya saka masa. Cikin sanyin murya ya ce, "Kada ki motsa yatsa, 'yata. Kalle ni. Ni za ki kalla." Ya taho a hankali ta gefenta, taku ɗaya, taku biyu, ya sa tafin hannu a ƙarƙashin ƙarfen ya ɗaga shi sama. Ya karya bindigar, ya zare harsasan ya zuba a aljihu. Sai a lokacin yarinyar ta zauna daɓas a cikin taɓo tana kuka mai shessheƙa.

"Shekara talatin ina wurin nan," in ji tsohon, yanzu kam muryarsa na karkarwa, "ban taɓa ganin wanda ya daka wa mai riƙe da ɗurarriyar bindiga tsawa ba. Kai ne ka kusa kashe kanka, ka bar ta da abin har ta mutu."

Maje, wanda fasinja bai taɓa faɗa masa magana ya ƙyale ba, ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, ga tsoro ya zo masa daga baya. Ya durƙusa a gaban 'yarsa cikin taɓon.

"Karima, ashe hannun bai daina ba?"

Ta girgiza kai. Da Turanci ta ba shi amsa, tana jan hanci. A makaranta da hagu take rubutu tun tana aji ɗaya. Da shi take yanka albasa in ba ya gida. Umma ta sani, malamai sun sani. In ta ji motsin makullinsa a ƙofa ne take mayar da biro dama.

Shekara takwas, a cikin flat mai ɗaki biyu, kowa ya sani ban da shi.

Ya miƙe ya ce wa mai shagon ta hagun zai saya. Tsohon ya ce ba shi za a tambaya ba. Maje ya juyo wajenta, ya san in ta ce a'a, Asabar ɗinsu ta ƙare.

"Kina so?"

Ta daɗe tana goge tafin hannunta a wando.

"Ina so, Baba. Zan riƙa zuwa." Ta ɗago jajayen idanu. "Amma in zan harba, ka jira ni a mota."

Maganar ta soke shi, ba ƙarya. Ya ce to.

Haka kuwa aka yi. Shekara biyar, har ta tafi jami'a, duk Asabar Malam Maje zai kai ta, ya miƙa bindigar a hannun tsohon, ya koma bayan shinge ya zauna a mota, gilashi a sauke ko ana ruwa. Mutane na fitowa suna ce masa 'yarsa ba ta kuskure, yana yi musu godiya. Shi dai ƙarar kawai yake ji, tau, tau, kuma daga ƙara ba a gane wanda ya samu da wanda ya kuskure. Bai taɓa ganin ta fasa faifai ko ɗaya da idonsa ba.