Ramin da na haƙa don in taɓa zanen gawayi

Shekarun baya, tun gwiwoyin nan nawa ba su fara kuka kamar tsohuwar ƙofa ba, na taɓa haukacewa a kan tsalle. Tsalle dai da kuka sani, mutum ya bar ƙasa ya dawo. Jiya wani ya turo mini hoton 'yan ƙwallon raga a waya, na ga ɗaya ya tashi sama kamar an fizge shi da igiya, tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Na fita, na dawo, na sake fita. Shi ya sa na ce bari in rubuta ko abin ya sauka daga raina. Aji huɗu na tsaya a makaranta, ku karɓi rubutun yadda ya zo.

A lokacin dako nake yi a kasuwar Yankara, ƙauyenmu ba nisa da can. Buhun masara, buhun dawa, daga ƙasa zuwa mota, daga mota zuwa sito. Sai aka kawo mana wani malamin firamare, shi ya zo mana da wasan. Ya kafa turaku biyu a filin makaranta, ragar kuwa mu muka saƙa ta da igiyar rama. Kullum bayan la'asar muna can har a kira magariba. Ni ban taɓa son wani abu a duniya kamar wasan nan ba, kuma ban san dalili ba har yau.

Matsalar ɗaya ce. Ni gajere ne, babu abin ɓoyewa. Ƙirji akwai, damtse akwai, idan na daki ƙwallo har tausayinta ake ji. Amma a cikin raga take ƙarewa. Sauran su tashi su dake ta daga sama, ni in tashi in daki igiya.

Rannan Malam ya ce 'yan Ƙanƙara sun gayyace mu wasa, saura sati huɗu. Mu shida ne manya masu zuwa kullum, fili kuma mutum shida yake ci. Ya ɗauko benci ya taka, ya ja layi da gawayi a bangon aji, can sama.

Ya ce, "Wanda ya taɓa wannan zai shiga fili. Wanda bai taɓa ba zai bi mu, amma jarkar ruwa zai riƙe, ni in shiga madadinsa."

Biyar suka taɓa a take. Ni na yi tsalle uku, tsakanin yatsana da layin akwai faɗin yatsu huɗu. Aka yi dariya. Abokina, wani dogo kamar gwangwala, ya ce, "Ai an bai wa mai abu abinsa. Wa ya kai ka iya ɗaukar kaya?"

Ni ma na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Sati guda cur ina ɗaukar kayan mutane a kai. Wuri ɗaya da nake zuwa ba a ɗora mini komai, nan ma za a ɗora mini jarka, in tsaya a gefe a garin mutane ina miƙa kofi. Na ce wallahi ba za a yi haka ba.

Shi dai abokin nan nawa, da ya ga abin ya dame ni da gaske, shi ya kawo mini dabara. Ya ce a Sabuwa ya ji labarin wani da ya koyi tsalle da rami. Ka haƙa rami iya gwiwa, ka shiga, ka dinga tsallowa waje da ƙafa biyu. Idan ka saba, ka ƙara masa zurfi. Ya ce mutumin har katanga yake tsallakewa. Ban tambaye shi ko ya ga mutumin da idonsa ba. Na ɗauki magirbi da shebur na nufi bayan rumbunmu.

Mahaifiyata ta leƙo ta same ni ina haƙa. Ta ce, "Kai kuma wa ya rasu?"

Na ce, "Inna, motsa jiki ne."

Ta ce, "Duk buhunan kasuwa ba su motsa maka shi ba? To in ka gama ka ƙara zurfi, dama masai muke nema."

Haka na fara. Da asuba bayan salla ina cikin rami. Kafin in tafi fili ina cikin rami. Tsalle hamsin, tsalle ɗari, har cinyoyina su dinga rawa da kansu. Na daina cin abinci a zaune, a tsaye nake loma ina kallon ramin. Duk reshen da na gani a hanya sai na gwada shi. Sau biyu ina buga kai a ƙofar zaure. Kuma abin yana ci gaba a ganina, domin ramin da ya fara iya gwiwa, a sati na uku ya kusa ƙuguna, kuma ina fita daga cikinsa fit. Na ƙi zuwa kusa da bangon makaranta da gangan, ina so ranar da zan je in ba su mamaki.

Da sati uku ya cika na je. Na sa kowa ya matsa. Na tsaya ƙarƙashin layin, na durƙusa, na tashi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Yatsu huɗu. Ko ƙwayar gero ban ƙara ba. Na sake, ya koma biyar, don ƙafafun sun gaji da rami.

Malam ya buɗe baki zai yi magana na juya na tafi. Ranar ko tuwo ban taɓa ba. Na zauna bakin ramin ina kallonsa kamar wanda ya cuce ni da gangan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban gane ba. Na sha wahala, wahala ta gaske, kuma ga shaida nan a ƙasa, rami ya yi zurfi. To ina tsallen ya tafi?

Washegari kasuwa ke ci. Muna jiran a gama awo mu fara lodi, ni kuwa na kasa tsayawa, ina ta tsalle ina neman taɓa saman bodin wata babbar mota. Shugabanmu na 'yan dako, wani dattijo da muke kira Baba, yana zaune a kan buhu yana cin goro. Mutumin nan bai taɓa ganin ƙwallon raga ba a rayuwarsa.

Ya ce, "Kai ɗan nan, mi ya shiga jikinka? Tun ɗazu kake ta yi kamar kwaɗo."

Na faɗa masa komai, layin gawayi, jarka, har ramin. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yi in gani."

Na yi.

Ya tofar da goro ya ce, "To ai ƙafarka ce ke tashi, kai kana nan inda kake. Kana naɗe gwiwa har ƙirji. A rami dole ka naɗe ƙafa don ta kai baki, shi ka koya wa kanka. Shi bangon, da ƙafa aka ce ka taɓa shi?"

Sati uku ina koyon naɗe ƙafa.

Ya miƙe ya ce in kama kunnuwan wani buhun masara, shi ya kama ɗaya gefen. Ya ce, "Mu ɗaga shi tsaye zuwa bakin mota, kada ka kaɗa shi." Muka yunƙura, da ƙyar ya kai mana ƙirji. Muka sauke.

"Yanzu yadda muka saba."

Muka yi baya da shi, muka ɗan rusuna, muka kaɗo shi gaba muka saki. Buhu ya tafi ya kwanta a cikin mota kamar ba shi ba.

Ya ce, "Ƙarfinmu ya ƙaru tsakanin na farko da na biyu? Bai ƙaru ba. To kai ne buhun. Hannuwanka ne za su wurga ka, ka bar su suna reto kamar wanki a igiya. Shekara nawa kana wurga buhun mutane, ka kasa wurga kanka. Jeka ka ba ni wuri, ga awo an gama."

Da la'asar na je na sami Malam, na maimaita masa maganar Baba kamar na zo da sabon abu daga Makka.

Ya ce, "Wata nawa ina faɗa maka ka daina tsalle daga tsaye, ka taho da taku uku, ka yi baya da hannu?"

Gaskiya ne, ya sha faɗa. Ni ne nake jin maganar kamar iyayin 'yan boko. A wurina tsalle ƙarfin cinya ne, cinya kuwa babu wanda ya kai ni.

Ya ja ni gefe ya nuna mini. Ni na-dama ne, don haka hagu, dama, hagu. Takun farko a hankali. Na biyu dogo, da sauri, ka dira da dunduniya, a daidai lokacin hannuwa biyu sun tafi baya can kamar za ka kaɗa buhu. Na ukun ya biyo shi nan take ya tare ka, kada gudun ya kai ka gaba. Sai ka wurgo hannuwan sama, jiki ya bi su a miƙe, ƙafa a sake, ba naɗewa. In za ka sauko, da ƙafa biyu, gwiwa a sassauce. Ya kuma ce in daina tsalle ɗari, in yi goma masu kyau in huta, ƙafar da ta gaji ba ta tashi.

Faɗa da baki ba wuya. Kwana biyun farko ƙafafuna harɗewa suke yi. In na tuna da ƙafa in manta hannu, in na tuna da hannu in tashi da ƙafar da ba ita ba. Sau ɗaya na tafi gaba ɗaya na rungumi raga, muka faɗi tare da turke. Abokina ya ce, "Da ka sani ka zauna a raminka." Hutun da Malam ya ce in yi shi ya fi komai wuya. Ina zaune ƙafata na karkarwa. A hanyar kasuwa ina tafe ina hagu, dama, hagu, mutane na kauce mini.

Ana jibi tafiya Malam ya ce yau ce ta ƙarshe, gwaji uku. Na farko na yi gaggawa, na tashi nesa da bango. Na biyu saura yatsa ɗaya. Kafin na uku na tsaya, na daina kallon layin, na ce a raina buhu ne kawai, ga bakin mota can. Na taho, na yi baya da hannu, na saki kaina.

Na sauko. Na duba hannuna. Kan dogon yatsana baƙi ƙirin da gawayi. Da ba don alwala ba, da ban wanke hannun nan ba sai bayan sati.

Kada ku zaci mun je Ƙanƙara mun yi abin kirki. Sun lallasa mu. Tashina na farko na riga ƙwallon, ina saukowa tana zuwa, ta same ni a goshi, garin ya ɗauka da ihu. Amma can tsakiyar wasa abokina ya ɗaga mini wata mai kyau kusa da raga. Na taho, na tashi, sai ga ni ina kallon filinsu daga sama. Na ga tsakiyar kawunansu. Na ga wani wuri fayau tsakanin mutum biyu, ƙasa ja babu kowa. Ban taɓa ganin wancan gefen ba sai ta ramukan igiya. Na dake ta ta sauka a nan, ƙura ta tashi. Guda ɗaya ke nan duk wasan, kuma ta ishe ni.

Da aka tashi muna tafiya wurin mota, sai na ji Malam yana dariya a bayana. Na juya na ce lafiya? Ya nuna kaina. Ashe na ɗauki jarkar na ɗora a kai, babu wanda ya sa ni. Abokina ya ce in kawo ya karɓa. Na ce a bar mini abata. Yau ni na ɗauka da kaina, ba ɗora mini aka yi ba.

Yanzu duk an watse. An mayar da Malam wani gari, wasu sun koma Funtuwa, hanyoyin nan namu kuma kun san ba a bin su yadda aka saba a da. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zuwa ya ga wasan ba. Abin da ya bar mini shi ne, in na ga ina shan wahala a kan abu kuma ba ya motsi, nakan tsaya in duba ko rami nake ƙara wa zurfi. Sau da yawa kuwa shi ne. Wahala ba ta nufin kana kan hanya, ni shaida ne, sati uku na zuba a ƙasa.

Ramin kuwa ba a yi masai da shi ba. Mahaifiyata, Allah ya kai haske kabarinta, ta zuba taki ta dasa mangwaro a ciki. Yana nan ya zama ƙaton itace. Akwai wani reshe na ƙasa da na auna da ido ya fi sau dubu, ina jin daidai yake da layin Malam. Ɗazu da safe na bi ta ƙarƙashinsa, ban san lokacin da hannuwana suka tafi baya ba.

Matata tana shara ta ɗago ta ce, "Maigida, in ka karye ni ba zan iya ɗaukarka ba."

Na sauke hannuwana na wuce. Amma na ƙirga, daga bakin rumbu zuwa gindin reshen taku uku ne cif.