Baba Dogara, Mai Auna Hannu da Yumɓu

Tun kafin motocin Abuja su fara hon a bakin titi, Baba Dogara ya fito da bencinsa ƙofar gida. Katanga ɗaya ce ta raba mu a nan Suleja, don haka ba labari aka ba ni ba. Ana sallame sallar asuba sai ƙarar magagari ta tashi, ƙur, ƙur, ƙur, ta tsaya, ta sake tashi. Tun da na kama haya a layin nan ban taɓa neman agogo mai ƙararrawa ba.

Mutum ne da zama ba ya karɓarsa. Zai zauna, ya miƙe, ya ɗaga abin da ke hannunsa ya duba a hasken gari, ya yi tsaki, ya koma ya zauna. Shayin da 'yarsa Rabi'a ta ajiye masa sai ya huce, ƙuda ya faɗa ciki, bai sani ba. Idan ka gaishe shi zai amsa da fara'a, amma idonsa yana kan wuƙa.

Ba maƙeri ba ne, bai kuma gaji ƙira ba. Direban motar ma'aikata ne har ya yi ritaya, gosulon Madalla ya cinye masa rabin rayuwa. A cikin gosulon ne ma abin ya samo asali. Wata rana ya sayi 'yar wuƙar aljihu, irin mai naɗewar nan mai mariƙin roba, a hannun masu talla. Yana cikin fere rake ta naɗe masa a yatsa. Da wani ne, da ya yi wurgi da ita ta taga, ya zagi wanda ya ƙera. Shi kuwa ya ɗaure yatsa da hankici, ya kai ta gida, ya kwance ta don ya ga abin da ya sa ta yi masa haka.

Daga nan ya kamu. Yakan sayo wuƙaƙen nan masu araha a kasuwa, ya fitar da ƙusoshinsu, ya watsar da robar. Sai ya samo ƙahon sa wurin mahauta, ya dafa shi ya miƙar, ko ya yanko itacen ƙirya, ya sassaƙa sabon mariƙi, ya ɗaure shi da ƙusar tagulla. Gaɓar da take naɗewa kuwa sai ya yi ta gyara ta har ta riƙa buɗewa da ƙara, ƙas, ta tsaya cak. Ba ya sayarwa. Sha'awa ce kawai, kuma duk wadda ya gama akwai mai ita tun kafin ya fara.

Abin da ya raba shi da kowa shi ne yumɓu. Yana da ƙullinsa a tsohon bokitin fenti, wanda yake karɓowa wurin masu ginin tukwane. In zai yi maka wuƙa sai ya curo yumɓu ya sa maka a tafin hannu, ya ce, "Damƙe, kamar kana aiki." Shatin yatsunka da ya fito, shi zai bi ya sassaƙa mariƙin. Wale mai aikin wayar lantarki a Madalla ya taɓa ce mini, "Oga, wuƙan nan ko a duhu na sa hannu a jaka, shi ne yake nemo ni." Masu rake, masu tsire, har da wani limami mai feƙe alƙalami, kowa yana da tasa, kuma ta wani ba ta zama daidai a hannun wani.

Kai ne, Baba, ka ɗauki abin da aka ƙera don a yar, ka ce bai isa yarwa ba tukuna. Na Rabi'a, mai ƙaho da tagulla.

Bara hannunsa ya fara rawa. Da farko ya ce sanyi ne, daga baya ya ce shayi ne ya yi ƙarfi. Ranar da ya yanke babban yatsansa har aka yi masa ɗinki, Rabi'a ta tattara kayan aikin kaf ta zuba a akwatin ƙarfe, ta sa kwado.

"Baba, likita ya ce ka bari. Wannan karon ritayar gaske za ka yi, babu wani afil."

Layinmu ya yi tsit da safe, ni kuwa na rasa barcin da na zaci zan samu. Ina jin sa yana kai da kawo a tsakar gida, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya share inda aka riga aka share. Wallahi tausayinsa ya hana ni sakat.

Ana cikin haka Azumi ta zo. Mai sayar da lemo ce a bakin titin Gauraka, mijinta ya rasu, tiren lemon nan ne ke riƙe da gidanta. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa ta, Allah ya taƙaita, ta tashi, amma yatsu biyu na hannun damanta sun ƙi komawa daidai. Wuƙa ba ta zama a hannunta. Wanda ya san sana'ar ya san ba lemo ake saya ba, fera ake saya: matafiyi yana so a miƙo masa ta taga fari tas, an yanke kai, ya tsotsa. Masu saye suka koma tiren gaba. 'Yan'uwanta suka fara maganar ta tattara ta koma ƙauye ta zauna a hannunsu.

Ina nan a ƙofar gida ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, an ce kana gyara wuƙa ta bi hannun mutum. Ga nawa hannun, ka gani ko zai gyaru. Ni dai ba na son zaman a ba ni."

Ya dubi hannunta, ya dubi nasa da ke karkarwa a kan gwiwa. Rabi'a tana tsaye a bakin zaure tana jin su. Ta shiga ciki, ta daɗe, sannan ta fito ta ajiye makulli a kan benci.

"Guda ɗaya, Baba. Daga ita shi ke nan."

Washegari ƙarar magagari ta dawo, sai dai ta canza. Ta yi kaɗan, ta tsaya ta daɗe, saboda sai ya jira rawar ta lafa kafin ya sake gogawa. Aikin da a da yake gamawa kafin Juma'a ta zagayo ya ja shi har wata ya kusa ƙarewa. Ya kai mata wuƙa mai mariƙin ƙaho, ta karɓa da murna, ta fere lemo a gabansa lafiya lau. Muka ce alhamdu lillahi.

Ba a jima ba ta dawo da ita a naɗe cikin gefen zane, tana jin nauyin faɗa. Da safe wuƙar tana zama daram, amma da la'asar, daidai lokacin da ma'aikata ke dawowa daga Abuja kasuwa ta buɗe, sai ta riƙa suɓuce mata.

Baba ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. "Da wane lokaci na ba ki yumɓu?"

"Da sassafe ne, Baba."

"To kuskurena ne. Hannun da ya kwana ya huta na auna. Ba shi ne ke sayar da lemo ba."

Rabi'a ta buɗe baki za ta tuna masa alkawari, ya riga ta: "Ai ba ta biyu ba ce, Rabi. Ta farkon ce ban gama ba."

Ya ɗauki bokitin yumɓunsa ya hau Keke Napep zuwa Gauraka. Mutumin da ba ya iya zaman shan shayi, shi ne ya wuni a kan dutse kusa da tiren Azumi, tireloli suna wucewa suna watsa masa hayaƙi, yana kallon yadda hannunta ke kumbura yana sanyi. Sai da rana ta yi gora, hannun ya gaji liƙis, sannan ya curo yumɓu ya ce ta damƙe. Shatin da ya fito daban ne da na farko. Ya dawo ya sake mariƙi, ya yi shi da kauri, ya fitar da wani ɗan tudu inda yatsun nan biyu za su jingina ba sai sun riƙe ba.

Na bi shi ranar da ya kai mata, da gangan kuma ya zaɓi yamma. Ta buɗe wuƙar, ƙas. Ta ɗauki lemo ta fara juya shi, ɓawon yana sauka siriri, bai tsinke ba har ƙarshe. Ta fere na biyu, ta fere na uku, wani kwandasta yana ta ihu a miƙo masa. Ba ta kula shi ba. Ta yanke kan na farkon ta miƙa wa Baba.

Ya sa hannu zai karɓa, rawar ta taso masa da ƙarfi, lemon ya nemi faɗuwa. Sai Azumi ta tallafe hannunsa da nata, mai ciwon, ta riƙe har ya kai baki. Na juya ina kallon titi, don idona ya cika.

Da muka dawo, shi da kansa ya rufe akwatin ya miƙa wa Rabi'a makulli. Har yanzu yana kai da kawo da safe, ban ce ya saba ba. Amma Azumi tana Gauraka, ba ta koma ƙauye ba.

Mun gode, Baba Dogara. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka wannan hannu. Mu kuma da namu hannuwan ke da sauran ƙarfi, kowa akwai ɗan abin da ya iya. Idan za mu yi wa wani, mu tashi mu je inda yake, mu ga hannunsa a lokacin da ya gaji, sannan mu auna.