Ranar da Na Kasa Wuce Surukina

Shekarar da aka ba mu jiha, kowa ya tashi da nasa haukan. Wani ɗan kwangila ya dawo daga waje yana cewa ya ga Turawa na tseren motoci a fili mai siffar ƙwai, kuma ba zai yarda Sakkwato ta riga mu ba. Ya sa aka share wata busasshiyar fadama a bayan Argungu, aka kewaye ta da buhunan ƙaiƙayin shinkafa. Asabar a tace direbobi, Lahadi a yi na ƙarshe. Wanda ya ci, sabon inji nasa ne, ga shi nan cikin akwatin katako kowa na shafawa.

Lokacin tasi nake ja tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, injina kuwa ya fi shan baƙin mai a kan fetur. Bakanike ya rantse ba zai ga damina ba. In ya mutu, gonar shinkafarmu ta Gulma ke jirana, ni kuwa duk duniya ba abin da na tsana irin laka da matsattsaku. Ina son sabon injin nan na cikin akwati, har mafarkinsa na yi.

Ranar Asabar aka ga abin kallo, don direban tasha bai san tafiya ba inda za a je ba. Wani ya yi zagaye biyu, ya tsaya gaban alƙali yana tambaya, "Wai ina za mu?" Wani ya ga wata tsohuwa ta ɗaga wa jikarta hannu, ya taka burki ya ɗauke ta da ƙwaryarta. Wani kuma ya fasa buhuna ya miƙe hanyar Augie, sai da yamma ya dawo da lodin albasa. Mu uku muka rage: ni, da wani mutumin Badariya mai mota na ƙyalli, sai surukina. Tsohon bai wuce kowa ba. Duk 'yan rukuninsa ne suka fitar da kansu, shi kuwa yana ta rarrafe da tsohuwar motarsa har ya gama.

Nan fa matsalar take. A wurinmu ba ka cin abinci gaban suruki, ba ka kiran sunansa, ba ka shan gabansa a hanya. Shekara huɗu ina auren 'yarsa, in na hango motarsa a titi, bayansa nake bi har tasha, fasinja na ta zagina.

Da safiyar Lahadi matata ta miƙo mini kunu ta ce, "Malam, ka wuce shi. Tsere na, ba gaisuwa ba."

Na ce mata to.

Ƙuri'a ta sa ni a gaba. Da aka kaɗa tuta na taka mota, ban ko dubi madubi ba. Zagaye goma za a yi, a na biyu na riga na bar mutumin Badariya yana shan hayaƙina. Sai ga muguntar wannan fili: wanda ka bari a baya shi kake tararwa a gaba. Ina shan kwana na ga bayan motar tsohon, da hularsa ta cikin gilashi. Ƙafata da kanta ta sauka daga totur.

Ya fito da hannu yana yi mini alamar in wuce. Na gane sarai. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Barka da rana, Baba!" Mutumin Badariya ya wuce mu fuu, ya zago, ya sake wucewa. 'Yan kallo na ihu, matata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sai wata dabara ta zo mini, har na yaba wa kaina. In na juya na bi fili ta ɗaya gefen, ai ba zan taɓa wuce shi ba, haɗuwa kawai za mu riƙa yi. Na juya kan mota na taka. Abin da ban lissafa ba, wanda ya haɗu da surukinsa ido da ido ba ya wucewa haka nan. Na tsaya, na fito, na durƙusa gefen tagarsa.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya?"

"Ɗan ga, kana da hankali kuwa? Tashi ka tahi!"

Sau uku muna haɗuwa, sau uku ina durƙusawa. A na ukun na ji tafi. Ina tsugune na ga ana ɗora akwatin inji a motar mutumin Badariya.

Da yake suruki ba ya faɗa da kai baki da baki, ta bakin 'yarsa saƙo ya iso. "Baba ya ce don kai yas shiga. Wai shi tare maka wancan, kai ka wuce." Haushi da kunya suka hana ni cin tuwo.

Bayan kwana uku aka turo amalanke ƙofar gidana, da injin motar tsohon a kai. Gangar jikin motar ya bar wa awaki, shi kuma ya koma Gulma noman shinkafa, a gonar da ni ya kamata in shiga. Injin lafiyarsa lau, sai dai ya saba da mai shi. Shekaru na yi ina jan tasi mafi nawa a hanyar Argungu, har masu keke na yi mini sannu.

Wata rana da damina na hango shi a gefen titi yana dawowa daga gona, laka har gwiwa, da tabon matsattsaku a ƙwaurinsa. Na rage tafiya na bi bayansa. Yana takawa ina binsa, fasinja na ta gunaguni. Can ya tsaya, ya juyo ya dube ni, ya zago ya buɗe ƙofar baya da kansa, ya matsa tsakanin mutane ya zauna.

Ya ce, "Tahi. Yanzu ba ni gabanka."

Na sa giya, amma sai da na share ido kafin na iya ganin hanya.